Ƴar'uwata, Ki Nemi Filin Da Haƙuri

Labari ya iske ni cewa kin tara ƙannenki na unguwa kina so ku riƙa fita motsa jiki, har kin yi maganar ƙwallo, sai aka ce miki a dakata tukuna, wasu ma suka yi dariya suna tambaya ko maza ne suka ƙare da mata za su shiga fili. An ce ranki ya ɓaci, har kin furta cewa tsofaffi ba sa son ci gaba. To ki zauna ki ba ni aron kunnenki, domin ina bayanki a kan abin da kike so, sai dai akwai gyara a yadda kike neman sa, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Da farko, kada ki yarda wani ya ce miki wannan abu baƙo ne da talabijin ta kawo mana, domin kakanninki mata sun fi ki sanin gumi nesa ba kusa ba. Mace a da tana tashi tun assalatu, ta ja guga a rijiya mai zurfi, ta ɗora tulu a kan gammo ta kai gida, ta dawo ta sake, sannan ta koma kan hatsi: sussuka, shiƙa, surfe, daka, tankaɗe, wani lokaci har da durƙuso a gaban dutsen niƙa. Da kin ga mata uku a kan turmi ɗaya suna lugude da kin gane abin da nake faɗa. Wannan ta ɗaga wannan ta sauke, taɓarya ba ta karo da taɓarya, can sai ɗaya ta cilla tata sama, ta tafa hannu, ta cafe ba tare da ta ɓata sautin ba, sauran su ɗauki shewa. A lokacin sunansa aiki, amma damtse da ƙirji da gadon baya duk sun samu rabonsu.

Idan dare ya yi kuma farin wata ya fito, ƴan mata sai dandali. Su yi rabin da'ira suna tafi, ɗaya ta fito tsakiya ta taka, ta juya musu baya, sai ta saki jikinta gaba ɗaya ta faɗo, su tare ta da hannuwa su cilla ta sama, ta dira a kan ƙafafunta ta koma layi, wata ta fito. Wannan ita ce gaɗa, kuma duk wadda ta taɓa sakin jiki ta faɗa baya ba tare da waiwaye ba ta san abin da ake kira yarda da ƙawaye. Ga carafke, ga ƴar gala-gala, ga tsallen igiya. Iyaye suna ƙofar gida suna jiyo tafin, sun san inda ƴaƴansu suke, sun san da su wa suke tare, saboda haka hankalinsu a kwance yake.

Sai zamani ya juya, kuma ba kuka nake yi da shi ba, domin duk wanda ya ga kantar da taɓarya ta bari a tafin hannun tsohuwa ba zai yi baƙin ciki da injin niƙa ba. Alhamdu lillahi, inji ya karɓi surfe da niƙa, famfo da ƴan ga-ruwa sun karɓi tulu, adaidaita sahu ya karɓi tafiyar ƙafa. Na san a karkara har gobe mata da yawa suna kan waccan wahala, su hutu da wasa suka rasa, amma a birni da aka ɗauke wahalar sai aka haɗa da motsin aka tafi, ba a kawo komai a madadinsa ba. Dandali an yanka shi filoti-filoti an gina shaguna, inda ya saura kuma rashin tsaro ya hana a bar yarinya ta fita bayan isha'i. Yaro namiji bai rasa komai ba, kowane lungu filinsa ne, duwatsu biyu sun ishe shi raga. Ƙanwarsa kuwa daga boko sai Islamiyya, daga Islamiyya sai wanke-wanke, daga nan sai tabarma da waya a hannu har barci ya ɗauke ta.

Sakamakon ba ya fitowa a ranar, shi ya sa ba a damu ba. Sai bayan shekaru, ki leƙa asibiti ranar da ake ganin masu hawan jini da ciwon suga ki ƙirga mayafan da ke kan benci, ko ki duba sahun mata a sallar idi ki ga yawan masu salla a kan kujera alhali ba su kai shekarun haka ba. Jikin ɗan Adam tamkar keken ɗinki ne, wanda ake takawa kullum ya fi daɗewa a kan wanda aka lulluɓe da zane aka ajiye a kusurwar ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ko yarinya daga shekara 5 zuwa 17 na buƙatar minti 60 a kullum na motsin da zai ɗaga numfashi, babba kuma minti 150 zuwa 300 a mako. A binciken da masanan hukumar suka fitar a 2019 kan ƴan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146, kashi 85 cikin 100 na ƴan mata ba sa kaiwa wannan ma'auni, maza kuwa kashi 78. Kuma abin ya fi shafar mace, domin mafi yawan ƙarfin ƙashi ana tara shi ne tun daga ƙuruciya zuwa shekara ashirin da ƴan kai, gudu da tsalle ne ke taimakawa wajen tara shi, bayan al'ada ta ɗauke kuwa ƙashin mace yana raguwa da sauri fiye da na namiji. Saboda haka tsallen igiyar da yarinya ke yi yau ajiya ce take yi wa tsufanta.

Idan aka zo miki ta fuskar addini, kada ki ɗaga murya, domin wanda ya kawo maganar addini yawanci tsoron Allah ne ya sa shi, kuma mai tsoron Allah ba abokin faɗa ba ne. Ki tuna masa cikin ladabi cewa ya zo a hadisi, Abu Dawuda ya ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha a cikin wata tafiya ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake shi ma ya wuce ta, ya yi mata raha cewa an rama. A nan ƙasarmu ma, Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa ƴan taru, mata suna takowa daga garuruwa da ƙauyuka a ƙafa, rukuni-rukuni, kowane rukuni da jajinsa, dattijuwa mai kamun kai wadda aka ɗaura wa malfa, ita ke gaba, ita ke da alhakin kowa har a koma gida. Neman ilimi ne ya fito da su, ba wasa ba, amma tsarin da ya sa maza suka amince matansu da ƴaƴansu su yi wannan tafiya shi ne tsarin da kike buƙata. Abin da malamai ke tsayawa a kai sananne ne: sutura, nisantar cakuɗa da maza, da kada wasa ya ci lokacin salla. Ki cika waɗannan tun kafin a tambaye ki, inda kika yi shakka kuma ki tambayi malamin da unguwa ta yarda da shi.

Yanzu bari in gaya miki abin da ke zuciyar dattijon da ya ce a dakata. Ba ƙwallon yake tsoro ba, idon samarin da za su jeru a kan katanga yake tsoro, da wayar da za ta ɗauki hoton ƴarsa tana gudu a wayi gari yana yawo a TikTok, da kocin da zai ce yarinya ta tsaya bayan kowa ya tafi, da gasar da za a ce sai an kwana a wani gari. Kuma ba zargi ne na banza ba. A 2021 an fallasa yadda aka daɗe ana cin zarafin ƴan mata ƴan wasan ƙwallon kwando a Mali, a hannun waɗanda aka damƙa wa amanarsu, har hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta sa aka yi bincike ya tabbatar da ɓarnar. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Saboda haka kada ki tsaya musu da tsoronsu, ki ɗauke shi ɗaya bayan ɗaya ki nuna yadda kika toshe kowace kafa. Iyayen da suka bar ƴaƴansu zuwa gaɗa sun bari ne domin suna jiyo tafi daga ƙofar gida, ke ma ki kawo filinki inda kunnensu da idonsu za su kai.

Ga yadda nake ganin za ki bi. Ki fara da gidanku, domin wadda ba ta samu yardar mahaifinta ba, ba ta da bakin roƙon ƴar wani. Daga nan ki nemi dattijuwa guda wadda unguwa ke jin maganarta, ko malamar Islamiyya, ko ungozoma, ko ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, ki roƙe ta ta zama uwar fili, ita za ta shige gaba zuwa wurin mai unguwa da liman, ke kina baya, kin durƙusa kin yi gaisuwa. Kada ki buɗe baki da cewa haƙƙinku ne, ko da haƙƙin naku ne, ki ce lafiyar ƴaƴansu da matansu kike nema, kuma kin zo ne a ba ki shawara. Babba idan aka nemi shawararsa a kan abu, abin ya zama nasa, gobe shi zai kare shi a majalisa. Wurin da za ki roƙa ya zama mai katanga da ƙofa, harabar makarantar ƴan mata ko ta firamare ranar da babu karatu, kuma shugabar makaranta ta ba ku izini a rubuce. Lokaci ya zama sananne, a fara a kan ƙa'ida a tashi a kan ƙa'ida, kowa ta isa gida kafin magariba. Waya a ajiye ta a jaka ɗaya a hannun uwar fili. Mai koyarwa ta zama mace, idan kuwa dole sai namiji, to kada ya keɓe da yarinya ko na minti ɗaya. Ki shimfiɗa tabarma a inuwa, ki ce duk uwar da ke so ta zo ta zauna ta gani da idonta.

Kada ki jira sai an gina muku fili irin na Ahmadu Bello da ke Kaduna ko na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ƙwallon raga ba ya cin wuri, mita 18 a tsawo, 9 a faɗi, sanda biyu, raga mai tsayin mita 2.24 ga mata, shida nan shida can, a zana layi da toka, kuma ba a gogayyar jiki a cikinsa, shi ya sa iyaye suka fi saurin karɓarsa. Ga ƙwallon hannu, ga ƙwallon tebur da ake yi a cikin aji, ga tsere, ga igiya da ba ta fi ƙarfin kowa ba, mai son ƙwallon ƙafa kuma a bar ta ta buga. Kayan sawa ba sai an je kanti ba, telan unguwa zai ɗinka dogon wando mai faɗi da riga har gwiwa, da ƙaramin hijabi da ke kama fuska ba tare da allura ko fil ba, domin fil yana iya yin rauni idan aka yi karo, sai takalmin kambas ko na gwanjo ne. Kuɗin ƙwallo da raga ku yi karo-karo, a ba mai amana ta riƙe, a rubuta shiga da fita a littafi, a karanta wa kowa a ƙarshen wata. Ki yi hankali da ɗan siyasar da zai kawo riguna da hotonsa a baya, domin ranar da aka gama zaɓe za ki neme shi ki rasa, rabin iyayen kuma sun janye ƴaƴansu saboda ba jam'iyyarsu ba ce.

Ku fara a hankali, domin sannu ba ta hana zuwa. Jikin da ya daɗe a zaune idan aka fizge shi rana ɗaya, gobe ba zai tashi ba, yarinya ta koma gida tana ɗingishi, uwarta ta ce dama na faɗa. A fara da tafiya da miƙe gaɓoɓi kafin gudu, kowa ta zo da ruwanta, a bazara a fito da sanyin safiya, a hunturu a lura da masu asma saboda ƙura, da azumi a sassauta ko a ɗaga sai bayan salla. Mai ciwon sikila, ko ciwon zuciya, ko wadda ke yawan jiri, ta fara ganin likita ya gaya mata iyakarta. Wadda ke saurin haki idanunta kuma sun yi fari, a duba ko jini ne ya yi mata ƙaranci, a kula da cimarta, zogale da wake da hanta ba su gagari gida ba.

Akwai maganar da ta fi dacewa da bakin iyayenku mata, amma zan taɓa ta da kunya domin a nan ne ƴan mata da yawa ke ajiye wasa. Yarinya tana cikin tsallenta, da zarar girma ya zo mata sai ta fara naɗe hannu a ƙirji, ta koma gefe, ta ce kanta ke ciwo. Ba lalaci ba ne, ba ta da rigar ciki mai riƙewa, ko ba ta da audugar mata, ko babu banɗaki mai ƙofa a wurin, kuma ba za ta iya faɗa ba. Uwar fili ta ja ta gefe, a taimaka mata ba tare da kowa ya ji ba. Al'ada ba ta hana motsa jiki, sau da yawa ma motsi mai sauƙi yana rage ciwon mara, amma wadda ta ce ba za ta iya ba yau, a ƙyale ta. Za ki kuma ji ana cewa gudu yana hana haihuwa, ko yana mai da mace namiji, ko yana ɓata yarinya kafin aure. Ki amsa da murmushi cewa matan da suka yi lugude da jan guga su ne suka haife mu goma-goma, mutuncin yarinya kuma a halinta yake, tsalle ba ya taɓa shi. Abin da likitoci ke gargaɗi a kai shi ne atisaye mai tsanani haɗe da ƙarancin abinci, wanda kan sa al'ada ta ɗauke, wannan kuwa ya yi nesa da wasan safiyar Asabar.

Kada ki manta da matan aure, domin su ne suka fi buƙata kuma su ne aka fi mantawa. Ba sai sun buga ƙwallo ba. Su zagaya harabar da sauri-sauri, su biyu su uku suna hira, rabin awa sau biyar a mako ya cika minti 150 ɗin nan. Mai juna biyu ma, idan cikin lafiya lau yake kuma an yarje mata a wurin awo, tafiya alheri ce gare ta. Wadda maigida bai amince ta fita ba, kada ki zuga ta, ki koya mata abin da za ta yi a tsakar gida ita da abokiyar zamanta da ƴaƴansu, ta yiwu idan ya ga ta daina kukan baya da gwiwa shi da kansa zai ce ta bi ku.

Na san ƙannenki suna da waɗanda suke kallo, kuma ba laifi. Super Falcons sun ɗauki kofin ƙwallon ƙafa na matan Afirka karo na 10 a watan Yulin 2025 a Rabat, bayan Maroko ta sha gabansu da ci 2 kafin hutun rabin lokaci, suka dawo suka ci 3. D'Tigress sun ɗauki kofin ƙwallon kwando na Afirka sau 5 a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a Paris a 2024 suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen ƴan takwas a ƙwallon kwando na gasar Olamfik, mace ce kuma kocinsu a lokacin, Rena Wakama. Aminatou Seyni ta Nijar ta ci zinare a tseren mita 200 na Afirka a 2022. Asisat Oshoala, wadda iyayenta ba su so ƙwallon ba da farko, sau 6 tana zama gwarzuwar Afirka. Tun 2014 dokar ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince da rufe kai, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya da hijabinta. A nan Arewa ma akwai Nasarawa Amazons a Lafiya da Adamawa Queens a Yola. Ki ba su waɗannan labarai su ji daɗi, amma kada ki yi musu alƙawarin Turai, domin masu kaiwa can ƴan kaɗan ne, kuma gwiwa ɗaya idan ta goce an gama. Ki kafa doka cewa wadda ta yi fashin makaranta ko Islamiyya ba ta taɓa ƙwallo a wannan mako. Idan Allah Ya fito da mai baiwa a cikinsu, a bi da ita ta hannun iyayenta da makarantarta da hukumar wasanni ta jiha, kada a miƙa ta ga wani mai jaka da ya ce ya san hanya.

Ribar da ni nake hange ta fi kofi. Yarinyar da aka ci ta a fili ta haɗiye kukanta ta miƙa wa wadda ta ci ta hannu, ta koyi abin da zai yi mata amfani a gidan miji da kasuwa da ofis. Wadda alƙalin wasa ta hura wa usur ba bisa gaskiya ba ta yi shiru sai bayan an tashi ta yi magana, ta koyi riƙe harshe. Wadda ta san mutum biyar na jiranta ƙarfe bakwai, ta koyi cika alƙawari. Saboda haka ki sa ido a kan waɗanda ba a zaɓa idan ana raba gida: mai jiki da ake yi wa dariya, ƴar talla da ba ta da kambas, ƴar aikin gidan wani, da wadda shan inna ya taɓa wa ƙafa. Ki gaya musu Folashade Oluwafemiayo, haifaffiyar Jos, ta ɗaga kilo 167 a gasar masu buƙata ta musamman a Paris a 2024 ta ci zinare. Ranar da filinki ya zama na ƴaƴan masu hali da masu iyawa kaɗai, ranar ya tashi daga na unguwa. Kuma ki hana gulma shiga, domin ƙungiyar mata da yawa ba rashin kuɗi ne ya kashe su ba, an ce kin ce ne.

Kai kuma ɗana, da kake gefe kana saurare kana murmushi, kada ka ɗauka babu ruwanka. Kai ne kake mamaye filin makaranta daga safe har yamma, saboda haka ka bar wa ƙannenka awa biyu a mako ba tare da an kai ƙararka ba. Ka raka su zuwa ƙofa ka juya, idan ka ga abokanka sun nufi katanga ka kore su, domin kishin ƴar'uwa shi ne ka tsare mata hanya ta je ta dawo lafiya. Idan ka yi aure, ka tuna kuɗin kambas bai kai kuɗin maganin hawan jini ba, wanda kuma idan aka fara shi yawanci ba a dainawa.

Ƴar'uwata, abin da ya rage shi ne halinki, domin a kansa komai zai tsaya. Za a sa miki ido fiye da yadda ake sa wa maza, wannan ba adalci ba ne, amma haka abin yake, kuma wake ɗaya ke ɓata gari. Idan yarinya ɗaya ta ce ta tafi fili aka gan ta a wani wuri, ƙofar za ta rufe, kuma ƙannen da ba su ji ba ba su gani ba su ne za su biya shekara da shekaru. Saboda haka ki riƙe rajista, wadda ba ta zo ba a sanar da gidansu tun ranar. Idan an ce miki a'a a karon farko, ki yi godiya ki tashi, ki fara da igiya a tsakar gidanku da yara biyar, bayan wata biyu ki sake komawa da uwar fili, domin dattijo yana iya sauya magana idan ba a tilasta masa yin hakan a gaban jama'a ba.

Sannan tun yanzu ki fara koya wa wata riƙon littafin da usur da makullin ƙofa, ki riƙa tura ta wurin mai unguwa tare da uwar fili har su saba da fuskarta. Yau ko gobe aure ko karatu zai ɗauke ki daga unguwar nan, kuma na ga abubuwan alheri da yawa da suka bi amarya zuwa gidan miji ba su dawo ba, domin ita kaɗai ta san kansu. Idan kika tafi aka ci gaba da fitowa ranar Asabar, to kin yi aiki. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki haƙuri da manya da juriya da yara, Ya tsare ku daga sharrin ido da na baki, Ya ba ku lafiya mai amfani. Tashi ki je, an kusa kiran salla.